Yadda MP3 Ɗin Alhaji Ya Tona Mini Asiri

Na sha kunya iri-iri a rayuwa, wasu har sun shige mini, amma ta ranar wata Juma'a a ƙofar gidan surukina a unguwar Maamobi, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin ina neman auren Rukayya, 'yar wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Nima. Ni kuma ina aiki a wani shagon buga takardu a Adabraka. Aikina bai wuce katin aure da na suna ba, amma a gidan su Rukayya injiniyan kwamfuta ake ɗauka ta (ban taɓa cewa ni injiniya ne ba, sai dai da aka faɗa ban musa ba).

Wata rana na je gaisuwa, Alhaji ya ce zai tafi Tamale ranar Asabar, yana so in zuba masa tafsiri a MP3 ɗinsa. Ya ce in yi hankali, don a ciki akwai waƙoƙin yabon Annabi da ya yi shekaru yana tarawa. Ya kira Muntari, ɗan ƙaninsa da ke zaune a gidan, ya ce ya ɗauko mini.

Shi Muntarin nan direban tasi ne, dogo, ga fara'a, kuma duk abin da ya faɗa sai Rukayya ta yi dariya. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe, sannan ya fito da wani ɗan baƙin abu mai ƙaramin lasifika a jiki, ya tsufa har rubutun maɓallansa ya goge.

Ya ce, "Masa, maigida, tsaya in nemo maka igiyan shi."

Na ce, "Bar shi kawai. Igiya ai cike take da shagonmu."

Washegari na ciro igiya ɗaya daga durowa, na jona shi da kwamfuta. Fitilarsa ta kama, ya nuna yana shan caji. Kwamfutar kuwa ko gezau, kamar ba a jona komai ba. Na canza rami. Na kashe ta na kunna. Na koma kan kwamfutar mai shago. Na hura ramin MP3 ɗin, na sa tsinken sakace na share shi. Shiru.

Da farko kwamfutar na zarga, na ce ƙwayar cuta ce ta shige ta. Daga nan na ce ai abin jabu ne, irin wanda ake shimfiɗawa a bakin titi. Na dinga danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, wani in riƙe shi in daɗe, wani in haɗa biyu, tunda ba rubutu balle in san aikin kowanne. Da na gaji na ajiye shi a kan tebur, na jawo waakye ɗina, shinkafa da wake.

Ina ci sai tunanin ya faɗo mini. Me ya sa Muntari ya daɗe a ɗakin nan? Ɗauko ɗan wannan abu ne zai ci lokaci haka?

Na faɗa wa Sule, abokin aikina, wanda bai taɓa jin wuta na ci ya kawo ruwa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Chale, abokina, 'yan uwan mata? Ka yi hankali fa." Shi ke nan bakina ya buɗe. Na yi magana, na ƙara, na sake ƙarawa, Sule yana ta cewa "Ato!" Kafin in gama cin abincin na riga na yanke hukunci: Muntari ya lalata abin don a ce ni na lalata, Alhaji ya ga ban iya komai ba, shi kuma ya samu hanya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa farar kaftanina na hau trotro, motar haya. Na tarar da Alhaji a kan benci da abokansa dattawa, Muntari yana wanke tasinsa a gefe. Na durƙusa na gaishe su, sannan na gyara murya kamar likitan da zai ba da mummunan labari.

Na ce, "Baba, na yi iya ƙoƙarina. Amma abin nan an taɓa shi kafin a ba ni." Na ɗan karkata ido wajen tasi, don kowa ya gane.

Fuskar Alhaji ta canza. "An taɓa shi? To waƙoƙina fa?"

Ya karɓa da sauri, ya kunna, ya ƙure murya. Sai aka ji ƙarar fanka, da ƙarar injin buga takarda, da wani mutum yana tauna. Na ce a raina, wannan wace irin waƙa ce? Sai mutumin ya haɗiye ya yi magana.

Muryata ce.

"Kai dubi idon Muntarin nan ma ka san ba shi da gaskiya. Wai ɗan uwa! Ɗan uwa ne zai riƙa sa turare in zai shiga tsakar gida?"

Ashe cikin danne-dannen nan na danna na ɗaukar magana. Muntari ya tsaya cak da soso a hannu. Na miƙa hannu zan karɓa, Alhaji ya janye abinsa ba tare da ya dube ni ba. Ni kuwa na cikin lasifika ban san halin da ake ciki ba, sai ci gaba nake yi.

"Shi ma tsohon, wa ya sani ko da shi aka haɗa baki? Gwada ni yake yi. Mutum da shago guda na atamfa, amma ya maƙale wa wannan gwangwanin!"

Sule ya ce, "Ato!"

(Har yau in na ji wani ya ce "ato" sai in kama bakina.)

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa na rawa. Daga bayan ƙofa na ji dariyar mata ana toshe ta da mayafi, kuma na san ta Rukayya a ciki. Gumi ya jiƙa kaftanin nan sharkaf. Alhaji bai kashe ba sai da aka ji na suɗe hannu na yi gyatsa.

Sannan ya ce, "To, gwangwanin dai yana jin magana."

Muntari ya goge hannu, ya shiga gida ya fito da kwamfutar Rukayya ta makaranta da wata 'yar gajeriyar igiya. Ya miƙo mini. Na jona. Nan take kwamfutar ta yi ƙara, ga waƙoƙin Alhaji reras, ko ɗaya bai ɓata ba. Igiyar da na ɗauka a shago ta fitilar caji ce, wuta kawai take kaiwa.

Muntari ya ce, "Masa, wannan igiyan nake nema ranan nan, shi ya sa na daɗe. Rukayya kuma ni nake kai ta makaranta tun tana ƙarama. Wata mai zuwa ma za a kai kayan aurena Ashaiman."

Na ba shi haƙuri, na ba Alhaji, na ba dattawan da ban ma yi wa laifi ba. Da na zuba tafsirin na ce, "Baba, bari in goge wancan."

Ya ce, "Bar mini shi. Zan so abin da zai hana ni barci a mota."

An ɗaura auren dai, Allah Ya rufa asiri, kuma Muntari ne ya ja motar amarya. Abin da na koya shi ne, in na'ura ta ƙi aiki, in fara canza igiya kafin in fara canza wa mutane hali. In kuma gulmar ta zama dole, to in tabbata ba kayan wanda ake gulmarsa a kan tebur.