Rasuwar Na-Maiyama, Batirin Ladan Tamu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da ba shi da makawa, iyalan Ladan Tamu na Kashin Zama suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar batirinsu, wanda aka fi sani da Na-Maiyama. Ya cika ranar Talata da azahar, a bukkar ladan da ke bakin fadama, yana tsakiyar aiki, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya.

Marigayin ya fara rayuwa ne a cikin wata motar ɗaukar albasa. Da motar ta mutu a Maiyama, shekara huɗu bayan an ba mu jiha, aka ciro shi da sauran ƙarfinsa, ya faɗo hannun Tamu daidai lokacin da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Duk mai noman rani ya san yadda fadamarmu take: da an dasa albasa sai a bar gari a kafa bukkoki, wata huɗu babu masallaci sai wani fili da aka kewaye da duwatsu. Shekara ashirin Tamu ke kiran salla a wurin, muryarsa har tsallaken rafi. Sai wani tari ya kama shi, da zai tafi ya bar masa murya kamar ta ɗan akuyar da aka haifa jiya. Har an fara raɗe-raɗin a ba Dalhatu kiran, mutumin da in ya yi atishawa a gonarsa sai an yi masa addu'a a Aliero. Na-Maiyama ne ya rufa wa tsohon asiri. Aka haɗa shi da lasifika, aka ɗaure ta a kan giginya, maganar Dalhatu ta kwanta.

An shaidi marigayin da haƙuri. Duk ranar kasuwar Jega a amalanke yake zuwa caji, a matse tsakanin buhunan albasa, jaki na ja, ramuka na jijjiga shi, bai taɓa gunaguni ba. Kowa ya san gyaran muryarsa. Sai ya ce "ƙiiii", sannan "ɗum, ɗum" in Tamu ya ƙwanƙwasa, mutane su ajiye fartanya tun kafin a fara kabbara.

Alheri ne ya zama ajalinsa. Yusufu, mijin 'yar Tamu, ya ji tausayin tsohon da jakinsa, ya sayo faifan sola don batir ya riƙa cin caji a gida, a huta da hanyar Jega. Mai sayarwa ya nuna masa wani ɗan akwati da ake sawa tsakanin faifan da batir, wai shi ke hana caji wuce kima. Yusufu ya juya shi a hannu ya ajiye.

"Wanga ɗan abu mi za shi tsarewa?" in ji shi. "Rana ta Allah ta, a bar shi shi sha."

Ya kuwa sha. Kwana ukun farko kiran salla har Dangamaji aka ce an ji, Tamu bai bar wata albarka da bai sa wa Yusufu ba. A na huɗu jikin marigayin ya yi zafi, cikinsa ya fara "ƙul-ƙul-ƙul" kamar tukunyar talge, bukka ta cika da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da aka buɗe marufansa aka tarar ruwansa ya ƙafe. To, manomin albasa magani ɗaya ya sani ga abin da rana ta buga, shi ne ban ruwa. Safe da yamma ake ɗura masa ruwan rijiyar fadama da buta, duk wanda ya zo dubiya sai ya ƙara masa nasa. Amariya, matar Tamu, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Wayar faifan kuwa babu wanda ya yarda a cire, don ba a raba maras lafiya da abincinsa.

Da gefensa ya kumbura aka garzaya da shi Aliero. Garin ɗori ne, an san shi da haɗa ƙashin da ya farfashe, amma mai gyaran batir na ɗaga buhun ya mayar.

"Wagga ba karaya ba ta, dahuwa ta," ya ce. "Kun dahe shi, kun kuma ba shi ruwan kanwa. Ku maishe shi gida."

Ranar Talata Tamu ya haɗa wayoyi, ya ƙwanƙwasa, marigayin ya amsa da ƙyar. Ladan na cikin shahada ta biyu lasifika ta yi shiru. Tamu bai sani ba, idonsa a rufe, yatsa a kunne, ya kai kiran har ƙarshe. Da ya buɗe ido sai ya ga kowa na duƙe a kan albasarsa. Ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba.

Marigayin ya bar lasifika ɗaya, da wayoyi biyu, ja da baƙa, da faifan sola wanda har yanzu yake kwance a rana yana ƙyalli ba kunya, da jaki, wanda shi kaɗai ya ci ribar lamarin. Ya kuma bar Ladan Tamu. Tun ranar tsohon bai fasa kira ba, sau biyar, da muryar da ta rage masa. Duk sanda ya gama sai ya waiga ko an ji shi, Amariya ta ce, "Na jiya, Malam, sarai na jiya." Taku goma ne tsakaninsu. Dattawa sun zauna, cikin girmamawa sun ce Dalhatu zai karɓi kira daga la'asar ɗin ranar jana'iza, kuma babu wanda Tamu zai kai wa ƙara, don gaskiya suka faɗa.

Za a ɗauki gawa ranar kasuwar Jega da hantsi, a amalanken da ya saba shiga, zuwa rumfar masu narka darma. Iyalai ba sa bukatar goro, kuma an roƙi masu zuwa gaisuwa kada a tayar da zancen ɗan akwati a gaban Yusufu. Abu ɗaya Tamu ya nema. Azahar ɗin ranar ita ce tasa ta ƙarshe. Wanda bai tafi kasuwa ba, in rana ta karkata, ya kashe injin ban ruwansa, ya matso kusa da giginya, ya kasa kunne.

Allah ya ba mu haƙuri.