Ƙullin Abu Usman

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne ranar da na ce wa mijina ya ɗaure mini hannu, shekara goma sha huɗu bayan aurenmu.

Ni unguwarzoma ce a ƙauyenmu kusa da Kamlin, a ƙasar Sudan. Tun asuba hannuwana ba sa hutawa: in karɓi haihuwa, in toya kisra, wainar dawarmu, in raba faɗan yara, kowa ni yake jira. Wata rana a wurin lallen wata amarya, matan aure suka shiga hirar ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ce mijinta kan ɗaure mata hannu da gyale, da yardarta, kuma a lokacin ne kawai take jin an sauke mata kaya daga ka. Na yi a'uzubillahi da ƙarfi kamar kowa (ƙarya nake, maganar ta biyo ni har gida).

Sai da na yi sati biyu ina juyayi kafin na faɗa wa mijina, Abu Usman. Sai ya ce:

"In na ji miki ciwo fa?"

Muka yi sharaɗi: da na ce "kalas", wato ya isa, ya kwance.

Ranar Asabar da rana, yara sun tafi Hasahisa wurin kakarsu, ya ɗauko gyalena ya ɗaure mini hannu. Na manta cewa mutumin nan manomi ne, bakin buhu ya saba ɗaurewa a hawasha, wato gonarsa. Ƙulli ɗaya ya iya, kuma ba na kwancewa ba ne.

Gaskiya da farko na gane abin da matar nan ke nufi. Babu abin da ake jira in yi, kuma na amince da wanda ke gabana. Sai ga sallama a tsakar gida. Yayarsa ce, Hajja Hawwa.

"Ummu Usman, fito maza! Naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu!"

"Kalas! Kalas!" nake ta cewa. Ya sa yatsa, ya sa haƙori, ƙullin sai ƙara tamkewa yake. Dole ya yafa mini tob, babban mayafinmu, na fita hannuwa a ɓoye.

"Ɗauko jakarki mana," in ji Hajja.

Na tsaya ƙiƙam. Ta ɗaga tob ɗin, ta dubi ƙullin, ta dubi ƙanenta (shi kuwa bango yake nazari). Ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa, ta yanke gyalen.

Sai da muka hau hanya ta ce, "Wannan ɗaurin jaki ne. Gobe turo mini shi in koya masa na zarge."

Kafin la'asar na karɓi 'ya mace, lafiya lau.

Kunya kam na sha, har yau ba na haɗa ido da Hajja. Amma ban yi nadamar faɗa wa mijina abin da nake so ba. Mata nawa suka tsufa ba su iya buɗe baki ba? Abin da na koya kawai: a sa wa ƙofar gida sakata, a ajiye almakashi kusa.