Binciken da Na Yi wa Saurayin Ƙanwata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so mantawar ma 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba, da ranar da na tashi tona asirin wani sai nawa ya tonu.

Wani saurayi ne mai suna Nura ya turo magabatansa neman auren ƙanwata Hadiza. Suka ce ƙwararren ɗan ƙwallo ne, wai yana buga wa wata ƙungiya a ƙasashen Larabawa. Bayan sun tafi Baba ya kira ni ya ce, "Kai ne kullum a gidan kallon ƙwallo, sai ka je ka bincika mana yaron nan." Nan take kaina ya kumbura. (A lokacin ji nake duk Daura babu wanda ya kai ni sanin tamaula, alhali ban taɓa buga wa ko ƙungiyar layinmu ba.)

Tun ganin farko hankalina bai kwanta da shi ba. Siriri ne, shiru-shiru, ga shi yana ɗan ɗingishi. Ba mota, ba askin gayu, sai wani tsohon babur na yayansa. Na ce a raina, ɗan wasan waje a kan wannan akwalar? Na buga sunansa a waya, na juya shi ta kowace fuska, ko inuwarsa ban gani ba. Sannan na lura duk mako sai ya nufi Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Shi ke nan, na yanke hukunci: ɗan fasa-ƙwauri ne, ƙwallon nan rufa-ido ce kawai.

Na gaya wa Hadiza, ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, don Allah ka tambaye shi mana!" Na ce wa ya taɓa tambayar ɓarawo ko shi ɓarawo ne? Na kuma shaida wa Baba ya dakata da sa rana, akwai magana.

Sai na haɗa tarko. Na gayyace shi filin makarantar unguwarmu inda matasa ke wasa bayan la'asar, na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya zo ya sha kallo. Da ya iso na jefa masa riga. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, likita ya hana ni. Aiki aka yi mini a gwiwa." Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Wane likita? Na Kongolam? In kai ɗan ƙwallo ne shigo, ni nan zan tsare ka!"

Ya kalle ni. Sannan ya tuɓe takalminsa, ya shigo da ƙafa ziryan.

Jama'a, ko gudu bai yi ba. Ya taka ƙwallo ya tsaya, na taho da ƙarfina kamar sa ya tsinke igiya. Ya ɗan karkata kafaɗa hagu, na bi hagu, sai ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Na juyo a fusace, ya sake zura ta ta inda ta fito. A karo na uku na buɗe ƙafa iya buɗewa don in tare, sai na ji "ɓarrr!" Wandona ya rabe tun daga gaba har baya, na zauna daɓas a ƙasa. (Abin da ke ciki kuwa, wani tsohon gajeren wando ne da bai kamata ya ga rana ba.)

Fili ya kaure da ihu: "Jirgi! Jirgi!" Ashe da wannan sunan yake wasa, shi ne a bayan rigarsa ta ƙungiya, shi ya sa ban same shi a waya ba, kuma rabin waɗanda na gayyato sun san shi. Shiru suka yi mini don su ga iyakata.

Shi ya ɗaga ni, ya ba ni rigarsa na ɗaura a ƙugu. A hanya yake ba ni labari: a garin Baure ya fara ƙwallo, ba takalmi, aka kai shi gwaji birni yana kwana a shagon wani, har Allah ya ɗaga shi. Yanzu gwiwa ta ajiye shi, bai ma san ko ƙungiyar za ta sabunta masa kwantiragi ba. Kongolam kuwa mahaifiyarsa yake zuwa dubawa. Ranar gwiwar ta kumbura saboda ni, ni na riƙa yi masa jigilar ƙanƙara, Hadiza ko gaisuwata ba ta amsawa.

An ɗaura aure, ya warke ya koma bakin aikinsa. Ni kuma na samu sabon suna a unguwa, Ƙofar Gari, wai don komai wucewa yake ta tsakanina.

Malamai sun ce zato zunubi ne, na yarda. Amma in har shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi, to kada ka tara 'yan kallo, kuma ka sa wando mai yalwa.