Ranar Da Bangon Makaranta Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da farin bangon ɗakin kwamfutar makarantarmu ba, ko da kuwa na tsufa har sai an daka mini goro kafin in ci. A jikin bangon nan mutuncina ya zube, a gaban jama'ar da a idona sun kai rabin Haɗejiya. (Abokina Habu ya ce ba su wuce cikin aji biyu ba, amma ai ba Habu ne ya ji kunyar ba.)

Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare. Ɗakin nan ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsofaffin kwamfutoci ne da wani ofis ya gaji da su ya ba mu sadaka, sai fanka ɗaya mai kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Da damina, idan kogi ya cika ya tumbatsa, ɗakin yakan ɗauki warin danshi, har kwaɗi kan shigo ɗaukar darasi. Amma wallahi a wancan lokacin ko gidan biki bai kai mini shi daɗi ba.

Mai ɗakin shi ne Malam Bulus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya fi mu iya karin magana. Shi ya goge duk abin da ke cikin kwamfutocin ya sa musu wata manhaja mai suna Linux. Kullum sai ya ce, "Wannan kyauta ce, ba ta sata ba ce. Ku yi amfani da ita da zuciya ɗaya." Ni kuwa na manne masa kamar kaska. Duk abin da ya danna ina kallo, ina haddacewa, ko ban gane ba. Da haka 'yan ajinmu suka sa mini suna Injiniya, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, har tafiyata ta sauya.

Wata rana ya ba ni amanar babbar kwamfutar, wadda ake haɗawa da firojekta a haska a bango. Ya ce, "Zaɓi kalmar sirri da kanka. Wadda ba za ka manta ba, kuma ba wanda zai iya cankarta."

Sai na rubuta: zulaitawaharabada.

Zulai 'yar ajinmu ce, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Duk tarihin soyayyarmu shi ne na taɓa aron rularta, ta ce in dawo da ita. Shi ke nan. Ba wanda ya san abin da ke raina, har Habu, domin gaya wa Habu magana daidai yake da ba wa mai shela. Hankalina a kwance yake, tunda idan za a buɗe kwamfutar, ɗige-ɗige kawai ke fitowa a maimakon haruffa.

To, sai ranar taron iyaye da malamai ta zo. Malama Hadiza mai koyar da labarin ƙasa ta samo wani bidiyo a intanet, na tsuntsayen nan da ke tasowa daga Turai su sauka a fadamarmu. Aka ce a nuna wa iyaye, su ga ci gaba da idonsu. Malam Bulus kuma ya tafi gida bikin ƙanwarsa. Iyaye suka cika kujeru, mu manya muka tsaya a baya, 'yan aji ɗaya aka shimfiɗa musu tabarma a gaba. A sahun farko ga Alhaji Sule, dillalin bandar kifi, mahaifin Zulai, mutumin da idan ya yi tari a kasuwa ana ji a bakin gada.

Malama ta ja wa 'yan aji ɗaya kunne: "Duk rubutun da ya fito a bango, ku karanta tare da ƙarfi, iyayenku su san kun iya karatu."

Aka tayar da janareta, aka jona modem mai kawo intanet, aka buɗe shafin. Maimakon tsuntsaye sai ga wani akwati ruwan toka a tsakiyar bango. A zamanin, burauza, wato manhajar shiga intanet, ba ta iya nuna irin wannan bidiyo sai an ɗora mata wata 'yar ƙaramar manhaja da muke kira fulogin, kuma wannan kwamfutar ba ta da ita. Malama ta danna nan, ta danna can, gumi ya fara tsattsafo mata.

"Ina Injiniya?"

Jama'a, da kun ga takuna. Na ratso tsakiyar iyaye kamar likitan da aka kira tiyata. Na zauna, na murza yatsu, na buɗe baƙar tagar nan da Malam Bulus ke rubuta umarni a ciki. Kuma don kada wani ya rasa ganin gwanintata, sai na ƙara girman haruffan har na bayan ɗaki ma ya iya karantawa. (Da hannuna. Ba wanda ya sa ni.)

Na rubuta umarnin ɗora fulogin kamar yadda na haddace. 'Yan aji ɗaya suka yi ta kokawa da shi kamar masu tauna tsakuwa. Sai kwamfuta ta ce in sa kalmar sirri. Na sa.

Ba abin da ya fito. Ko ɗigo ɗaya.

Abin da ban sani ba, domin kallo kawai na saba yi, shi ne a cikin baƙar tagar nan kalmar sirri ba ta fitowa ko kaɗan. Tana shiga, amma ba a gani. Rufin asiri ne aka yi wa mai ita. Ni kuwa sai na miƙe na fuskanci jama'a.

"Malama, kibod ya mutu."

Habu ya ɗago murya daga baya: "To ba yanzu ka gama rubutu da shi ba?"

"Mutuwar fuju'a ce," na ce. "Danshin kogi ne ya shige shi."

Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce lallai danshin bana ba dama, har rediyonsa ya kashe. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na sa aka ciro kibod na wata kwamfutar. Shi ma shiru. Na kife shi na bubbuga, na hura masa iska, na share shi da gefen rigata. Haushi ya sa na yi ta dukan madannin Enta kamar mai kashe kunama. A nan ne kwamfutar ta gaji da ni, ta daina neman kalmar sirri, ta koma wurin da duk abin da ka rubuta yake fitowa ɓaro-ɓaro. Ni ban lura ba. Kaina yana sunkuye, na ce bari in gwada na ƙarshe, da yatsa ɗaya, a hankali, harafi bayan harafi.

Ban ɗago ba sai da na ji muryoyin 'yan aji ɗaya, a tare, da irin waƙar nan ta karatun safe:

"Zu-lai! Ta-wa! Har! A-ba-da!"

Ga shi nan a bango, kowane harafi ya kai girman ƙwarya. A ruɗe na danna Enta don ya ɓace, sai kwamfutar ta ƙara wani layi da Turanci. Habu, Allah ya saka masa, ya fassara wa iyaye: "Ta ce ba ta san da wannan magana ba!"

Mai suna Zulai ɗaya ce tak a makarantar. Na hango ta ta ja hijabi ta rufe fuska har haɓa. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na roƙi janareta ya mutu, shi da kullum sai ya mutu, ranar ya ƙi.

Alhaji Sule ya gyara zaman hularsa. "Kai, yaron nan ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan Malam Isa tela ne, Baba," in ji Habu.

"Isa na bakin kasuwa?" Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "To, surukina, mu dai tsuntsaye aka ce mu zo mu gani. In ka gama neman auren, a nuna mana."

Ɗakin ya fashe. Har Malama Hadiza sai da ta dafa tebur. Na sake rubuta umarnin, na sa kalmar a makance tunda ba sauran abin ɓoyewa, na danna. Sai ga rubutu yana gudu, fulogin ya hau lafiya lau. Tsuntsaye suka cika bango, iyaye suna ta "Ikon Allah!" An ce bidiyon ya yi kyau. Ni takalmina na kalla har aka gama.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta miƙo mini tuwo tana cewa, "Ango, a ci a ƙoshi." Sunan Injiniya kuwa a ranar aka binne shi, har yau Surukin Alhaji ake kirana. Da Malam Bulus ya dawo ya ji, dariya ya yi har da hawaye, sannan ya ce, "Ai ita kwamfutar ta yi iya ƙoƙarinta a kanka."

Ranar da za a yi hutu sai ga Zulai. Ta tsaya a bakin taga, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Har abada ta yi nisa. Ka fara cin lissafi tukuna."

Yanzu ina ajin ƙarshe na babbar sakandare. Zulai ta koma makarantar kwana, Malam Bulus ya samu canjin wurin aiki, ɗakin kuma ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ƙannena suna kallon bidiyo a waya, ba su ma san an taɓa wahalar wani fulogin ba. Wani lokaci idan na wuce nakan leƙa ta taga, in ji kamar a dawo da mu, da fankar da kwaɗin da duka, har da kunyar.

Darasin da na ɗauka dai shi ne: in ka ga abu ya yi shiru yana rufa maka asiri, kada ka dake shi sai ya yi magana. Lissafin kuwa, ana nan ana fama.