Gadon Opa Evert Ba Ya Yoyo

"Barka da hantsi, mai gidan tsumma. An tashi lafiya, ko ɓerayen ciki sun hana ki barci?"

"Lafiya ƙalau, Opa. Ai na ɗauka ka cika, da na ga rana ta ɗaga ba ka zo ka sa min ido ba."

Ina shanya a bayan gida na jiyo su, ni kuwa ba na cikin masu toshe kunne in ana magana a tsallaken shinge. Marit ce, 'yar maƙwabciyata, da kakanta Evert, wanda duk layin muke kira Opa, wato kaka da yaren Holan. In sun haɗu sai ka rantse kotu ce za ta raba su. Marit ta sayi tanti mai taya na hannu, irin akwatin nan da ake ja da mota, in an buɗe ya miƙe ya zama ɗaki mai gado biyu. Shi ne nata na farko, ta baje shi a kan ciyawa tana shirin hutun bazara a Faransa.

Opa kuwa so yake a tafi da shi. Tun da matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, bai ƙara barin Meppel, garin da muke zaune a Holan, ba. Duk bazara layinmu watsewa yake, kowa ya ja tirelarsa ya nufi kudu, a bar tsohon yana ba furannin mutane ruwa. Ni ma na sha ɗora masa nawa, kuma ina jin kunyar abin. Sai dai 'yarsa Ineke, uwar Marit, ta kafa sharaɗi saboda sanyin ƙashinsa: in gadonsa ya yi yoyo ko da ɗigo ɗaya ne, yana gida.

Opa ya shinshina tamfol ɗin ya yamutsa fuska. "Wa ya mutu a ciki?"

"Babu tukuna. Kai nake jira ka buɗe fage."

"Ja'ira. Ni da na kafa irin wannan da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da uwarki tana tsala ihu, cikin guguwar da ta ɗauke saniya!"

"Bara tunkiya ka ce."

"Ta girma."

"To sarkin tanti, ga aiki. Wanda ya sayar min ya ce kafin a fita sai an jiƙa shi sharkaf, zaren ya kumbura ya toshe hudojin ɗinki. Kuma sai wani ya kwanta a ciki ya faɗi inda ke ɗiga."

"Sa uwarki."

"Tana wurin aiki. Kai kaɗai ne zauna-gari-banza a layin nan. Cire takalmi ka hau na hagu."

Ya cire, ya hau. Yana ɗora gwiwa a katifa tantin ya ɗaga goshi sama, shi kuma ya gangara can ƙurya ƙafafunsa na lilo.

"Kin sauke ƙafafun baya kuwa, shashasha?"

"Au, yana da ƙafafu? Na ɗauka adon ƙarfe ne. Laifin tumbinka ne ma."

"Wannan ba tumbi ba ne, ajiya ce saboda abincin Faransawa."

Ta sauke ƙafafun, ta ja zif ta rufe shi a ciki, ta jawo tiyo ta buɗe famfo har ƙarshe. Ranar kuwa sama garau take, abin da ba kasafai muke samu ba, amma a kan Opa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

"Yana ɗiga?"

"Ina fa! Nan kamar cikin tanderu. Ƙishi ma nake ji."

"To mene ne nake ji ɗis, ɗis?"

"Agogona ne."

"Agogonka ya tsaya tun ina firamare."

"Ya ji labarin tafiya, ya farfaɗo."

Daga inda nake ina hango shi ta tagar roba. Ruwa na sauka tsakiyar sanƙonsa. Ya matsa, ya same shi a wuya. Ya tara hula, ta cika, ya waiwaya babu inda zai zubar, sai kawai ya mayar da ita kansa. Da muka haɗa ido ya ɗora yatsa a leɓe. Dariya ta ci ni, tausayi kuma ya kama ni, na ja bakina na yi gum.

"Opa, atishawa na ji?"

"Faransanci nake bita."

"Muryarka kamar mai kurkure baki."

"Ke dai ci gaba da ban-ruwanki, 'yar kashe gobara."

Ta kashe famfo, ta zuge zif. Ga Opa zaune ya danne inda katifa ta jiƙe, ruwa na bin gashin girarsa.

"Gumi ne," in ji shi.

"Gumi har cikin aljihu?"

"Mu a danginmu haka muke yi. Kakana in ya yi noma, agwagi ke bin sa."

Marit ta tsaya kallonsa kawai. Ya cire hular ya matse, ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba a ƙafarsa. Da ya sake magana babu wasa a muryarsa.

"To, yana yoyo. Kada ki yi wa uwarki ƙarya saboda ni. Ki je abinki, ki aiko min da hoto."

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta kawo min.

"A ina da ina?" in ji Marit.

Ya nuna mata saman kai, da ɗinkin taga, da ƙuryar ƙafa. Ta bi kowanne ta yi masa alama da alli.

"Madalla. Yanzu na san inda zan jera tukwane in na kwanta."

"In kin kwanta?"

"Wa ya ce maka naka ne? Na hagu nawa ne. Naka na dama. Jiya Mama da kanta ta kwanta a kai, na yi mata ruwan da ya fi wannan, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ta ce a tafi da kai, ko kunnenta ya huta."

Opa ya saki baki. "To don me kika jiƙa ni, 'yar nema?"

"Da in jiƙa kaina? Ga ka a banza?"

Ya tuntsire da dariya har da tari, yana share ido da hular da ta fi fuskarsa jiƙewa. Ya laluba aljihu ya ciro baƙar alewa mai gishiri irin ta 'yan Holan, duk ta narke ta dunƙule wuri ɗaya, ya danƙa mata.

"Ungo, kin ci ni. Yaushe za mu tashi?"

"Sai kun bushe, kai da tantin. Ba a naɗe shi da danshi, fumfuna yake yi."

"To shanya ni."

Ya je tsakiyar ciyawa ya kwanta rigingine, ya ware hannu da ƙafa, ya ce in wannan gefen ya bushe ta zo ta juya shi.