Ranar da Na Kayar da Jirgi a Kan Babur

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, bayan ɗaukewar damina, a ƙofar wani gida a Gwaram. Mu uku ne: ni, da shugabata a wurin aiki Injiniya Hajiya Rabi, da mai gidan, Kyaftin Sule, wanda ya yi shekaru yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu kafin ya yi ritaya ya koma noman gero da riɗi.

Kafin wannan aiki, labarai nake karantawa a gidan rediyo. Da na gaji, na koyi zanen fuskar manhaja, wato tsara abin da mutum zai gani a allon waya ko kwamfuta. Hajiya Rabi ta ɗauke ni a ɗan kamfaninta da ke Birnin Kudu (ɗaki biyu ne da janareta, amma kamfani muke ce masa). An ba mu damar gwada tsara allon zamani da zai maye gurbin tarin mitocin da ke gaban matuƙi a ƙananan jiragen da ke feshin tsuntsayen jan-baki. Samfuri kawai ake so, a nuna wa masu jiragen mako biyu bayan waccan Talatar. Ni aka ba jagorancin zanen, kuma Hajiya ta faɗa mini tun farko cewa idan tsohon matuƙin nan bai gamsu ba, za ta miƙa aikin ga wani.

Wata huɗu na yi a kansa. Na cire duk allurai masu juyawa, na sa lambobi sirara masu launin toka a kan baƙin allo. Ja ya yi mini kama da ihu, sai na sassauta shi ya koma ruwan goro. Madannai na jera su ƙanana a gefe, kamar haƙoran masara. Sannan na zo kan abin da na fi alfahari da shi, gargaɗin murya. Da Turanci aka yi shi, kamar yadda aikin jirgi ya tanada, amma da muryata, kuma da tarbiyyar da na samu a rediyo: ba a jefa wa mai sauraro labari kamar dutse. Ma'anar abin da na naɗa ita ce, “A saurara. Ana sanar da matuƙi cewa na'ura ta gano wata matsala da ke buƙatar kulawarsa, wadda ta shafi...” sannan a ambaci matsalar. Duk wannan na gwada shi a ofis, labule a sauke, kujera ba ta motsi, shayi a gefena.

Kyaftin ya karɓe mu a zaure. Na yi masa bayani na kusan rabin awa. Har na gaya masa, Allah ya yafe mini, cewa zamanin allura ya wuce, kuma tsofaffin matuƙa sukan ɗan sha wahala kafin su saba. Bai katse ni ba. Ya dai riƙa juya allon a hannunsa kamar mai taya kaza. Da na gama, ya yaba da tsaftar aikin, ya tambaye ni ko na taɓa shiga irin jirgin. Na ce na kalli bidiyo da yawa.

“To madalla,” in ji shi. “Ni ba ni da jirgi yanzu, Malam, amma ina da ƙaninsa.”

Ƙanin jirgin wani tsohon babur ne da yake zuwa gona da shi. Ya sa aka ɗaure allon a bayansa da robar taya, daidai fuskata, aka maƙala ƙaramar lasifika a kafaɗarsa. Ya bayyana cewa jirgi mai saukar ungulu girgiza yake tun daga tashi har sauka, gabansa duk gilashi ne, rana na shiga ta ko'ina, kuma mai feshi ƙasa-ƙasa yake tafiya, idonsa na kan bishiyoyi da wayoyin lantarki. Allo satar kallonsa ake yi. Hajiya ta saita na'urar ta ƙirƙiro matsala ɗaya a lokacin da ban sani ba. Aikina in hau bayansa, in faɗi sunan matsalar da zarar ta bayyana, in danna madannin amsawa. Shi ke nan. Ita kuma za ta biyo mu a mota.

Muka ɗauki wata hanyar burji ta wajen Basirka. Minti biyar da fara tafiya na gano abu na farko: babu abin da nake gani a allon sai fuskata. Rana ta mayar da shi madubi. Na ga hulata, na ga gumi, na ga wani mutum da ya fara nadama. Da na kare hasken da tafin hannu, sai lambobin suka fito, amma rawa suke, takwas ta zama uku, uku ta zama takwas. Kyaftin kuwa bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba.

Can sai lasifika ta yi ƙara, muryata ta fito a natse: “A saurara.” Na saurara. Iska da kukan babur suka cinye abin da ya biyo baya. Na duba allon, wani abu ya canja launi, amma ruwan goro a cikin rana da toka duk ɗaya ne. Na saki ƙarfen da nake riƙe da shi, na miƙa yatsa zan danna amsawa, babur ya faɗa rami, yatsan ya sauka a kan maƙwabcinsa, madannin da ke rage haske don tafiyar dare. Allon ya yi baƙi ƙirin.

“Mene ne ya lalace?” Kyaftin ya tambaya, bai ko waiwayo ba.

Na yi abin da ban taɓa yi ba a shekarun da na yi ina karanta labarai. Na faɗi abin da ban tabbatar ba. Na ce mai ne ya ƙare.

Kyaftin ya ci gaba har zuwa wata mararraba inda dattawa biyar ko shida ke zaune a gindin tsamiya kusa da mai rake. Ya tsaya, ya kashe babur, ya yi musu sallama, aka gaisa har da tambayar gona. Sannan ya nuna ni da haɓa.

“Ku yi mana addu'a, bayin Allah. Ni da malamin nan mun rasu tun wajen gonar rogon can.”

Da yake ban danna amsawa ba, gargaɗin yana ta maimaita kansa. Yanzu da babur ya yi shiru, kowa ya ji shi sarai, tun daga “A saurara” har zuwa ƙarshe, inda a hankali, cikin ladabi, na sanar da kaina cewa baƙin man giyabos, wato na'urar da ke juya farfelar jirgin, ne ya yi ƙasa. Wani dattijo ya ajiye rakensa, ya karkata kunne, ya dube ni. Ya ce shi bai jin Turanci, amma wannan murya ya san ta, ita ce ke karanta musu labaran ƙarfe bakwai a da. Ya tambaya ko ni ne. Na ce ni ne. Ya ce Allah sarki, dama sun yi ta tunanin ina na shiga. Ya kuma tambayi Kyaftin ko yanzu tallan magani nake yi a kan babur.

A lokacin Hajiya ta iso. Ba ta yi faɗa ba (da ta yi, da na fi samun sauƙi). Ta kwance allon, ta share shi da gefen mayafinta, ta mayar da haskensa.

A hanyar dawowa, cikin mota (babur ɗin an bar shi wajen mai rake), Kyaftin ya yi maganar da ta fi tsawo a ranar, ita ma ba ta kai gargaɗina ba. Ya ce shi bai taɓa karanta mita ba a rayuwarsa, inda allura ta karkata yake gani da wutsiyar ido. Ja kuma an yi shi ja ne don ya firgita mutum. Murya kuwa, ta fara da sunan abin da zai kashe ka, in ka rayu sai a gaisa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na gaji da maimaita wa kaina shi: wanda ka tsara abin dominsa ba a kujerarka yake zaune ba. Idan ana so a san ingancin aikina yanzu, nakan fitar da shi rana, in sa wani ya girgiza ni.

Hajiya ta miƙa jagorancin ga wani abokin aikina a washegari, ni kuma na koma ƙarƙashinsa. An dawo da allurai a kan allon, aka ƙara girman madannai, aka mayar da ja. Gargaɗin ya koma kalma biyu, kuma da muryar Hajiya aka naɗa shi.