Man Gyaɗa a Tankin Babur

Da zan tafi cirani kudu farkon sanyi, na ji ana cewa babur in ya daɗe a ajiye tankinsa tsatsa yake yi. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko man gyaɗan matata na tuttula rabin kwalba a kan fetur ɗin da ke tankin babur ɗina, 'yar roba-roba, na jijjiga, na lulluɓe ta da tabarma.

"Malam, mi kake yi haka?" in ji matata.

"Ilimin inji ne, ba na mata ba," na ce.

Kwana kaɗan da dawowata Sifawa aka aiko mahaifinta ya rasu a Lambara. 'Yan'uwanta suka tsayar da mota, na ce su wuce, ni zan kai ta kafin su isa. Babur ya tashi da ƙyar, yana aman farin hayaƙi. Kafin Dandin Mahe ya shaƙe ya mutu. Na yi ta buga kik har takalmina ya tsinke, tana tsaye cikin rana tana kuka ba sauti. Da muka isa ina tura shi, an dawo daga maƙabarta. Ba ta ga gawar mahaifinta ba.

Na durƙusa gaisuwa, tsohon da ke kusa ya shinshina rigata.

"Wa ka tuyar ƙosai wurin makoki?"

Matata ta yafe, ko da yake ba ta sake hawa bayana ba. Surukaina kuwa har yau in na yi sallama sai su ce, "Maraba da mai ƙosai. An huro wuta?"